Dutse Har Sama

Istifanus ya faɗi gaskiya a kan bango, Lizzy ta mayar masa da zobensa. Abin da ya faru ke nan.

"Maimaita!" ta ce tana tsaye a kan matakala, idonta jawur. "Maimaita abin da ka faɗa wa Mama!"

"Saman gidan nan laka ce, Liz. Tubalin ƙasa ne aka shafe da siminti."

"Ƙarya kake!"

"Zo ki ƙwanƙwasa da kanki ki ji."

Istifanus birkila ne ɗan unguwar Kudenda a Kaduna, bai iya zagaye-zagaye ba. Gyaran katanga ya kawo shi gidan, ya ga Lizzy, shi ke nan. Saura wata biyu biki. A saman benen za su zauna, shi ya sa ya hau ya duba.

Kowa a Barnawa ya san gidan. Baba Wilfred, kakan Lizzy, shi ya gina shi lokacin yana babba a wata masaƙa a Kakuri. Ƙasan dutse ne zalla, da daɓen tarazo, da matakalar katakon maɗaci wadda kafinta ya yi wata uku a kanta. Saman kuwa daga baya aka ɗora, bayan masaƙa ta fara tangal-tangal. Tsohon ya riga ya faɗa a coci zai yi bene, to sai ya yi. Har ya mutu yana bugun ƙirji, "Gidana dutse ne har sama!"

A ɗakinsa na sama ya koya wa Lizzy karatu, tana kan cinyarsa, a bakin taga.

"Kakana kake ce wa maƙaryaci?"

"Ban ce ba, masoyiya. Mutum ne da hannunsa ya gajarta, ya rufa wa kansa asiri. Amma kwano yana yoyo, ruwa ya ci bangon ta ciki. Ki bar ni in sauke shi. Da hannuna zan sake ɗora miki, da bulo da rodi."

Mama ta taɓe baki daga kujera.

"Da ma na faɗa miki. Kin kwaso mai kwaɓa siminti, ga shi zai rushe mana suna."

"Mama, ku yi haƙuri, ni dai..." in ji Istifanus.

"Rufe mini baki!"

Ba a banza suka hau shi ba. Kevin, dillalin filaye na layinsu, ya daɗe yana son Lizzy, kuma da safen ranar ya rigaye shi zuwa. Ya ce masu otal ne suka turo birkilan ya kashe gidan da baki, don a sayar a wulaƙance.

"Su wa suka aiko ka?" in ji Lizzy.

"Ni? Liz... ni kike tambaya haka?"

Ta zare zoben ta ajiye a kan matakala.

A ranar ta sa aka hau mata da gadonta ɗakin kakanta.

Sau huɗu yana zuwa da katakon tokara a Keke Napep. Sau huɗu Mama na rufe get. Ya kira, ba ta ɗauka. Ya tura saƙo: "Ko ba ki aure ni ba, ki sauko ƙasa."

Ta karanta, ta yi kuka, ba ta sauko ba.

A watan Agusta aka kwana uku ana ruwa. Ranar Alhamis da rana yana kan aiki a Mahuta, ya tuna da bangon nan, ya jefar da cokalin gini ya fita a guje. Tun daga titi ya hango shafen ya ɓare, jar laka tana gangarowa a kan farin fenti.

Bai buga get ba, haurawa ya yi.

"Lizzy! Fito!"

Tana zaune a bakin taga, ta zuba wa bangon ido. Ta riga ta ga lakar. Har ta dangwala a yatsa.

"Istifanus... laka ce..."

"Na sani! Taso!"

"Ya ce mini dutse ne. Ni ya faɗa wa..."

Silin ya yi ƙara. Ya fizgo ta, ya hankaɗa ta kan matakala. Ta gangara, maɗacin nan bai ko motsa ba.

Shi bai kai ba. Bango ya taho da katakon rufi, suka danne masa hannun hagu.

Kafin sati ya zagayo Kevin ya zo jaje, da masu otal biyu a bayansa. Mama ta kalle su, ta gane komai, ta bi su da tsintsiya har titi. Daga nan ta wuce asibiti ta durƙusa a gaban birkila.

"Ɗana, ka yafe mini."

"Tashi, Mama. Ina Liz?"

Lizzy tana bakin ƙofa, ta kasa shigowa.

"Zo mana, masoyiya. Kin ji ciwo?"

"Ni kake tambaya? Ni?!"

Ta kifa kai a ƙirjinsa ta yi kuka har muryarta ta dishe.

A Disamba aka yi auren. Da fasto ya ce ta sa masa zobe, ta manta ta kai hannu hagunsa, ta damƙi hannun kwat babu komai a ciki. Shi ya miƙo mata na dama.

Suna zaune a ƙasan gidan yanzu. An kwashe saman, an rufe da kwano. Matakalar tana nan, tana hawa ta tsaya a jikin silin. Kullum da safe Lizzy tana goge ta.

Istifanus bai sake ɗora bulo a kan bulo ba.