Agogon Tsohon Jirgi

Gab da magariba matar Injiniya ta ce ya je ɗakin baya ya kashe kayan wutarsa. Ya tafi yana huci.

Wata da watanni yana haɗa kujerar koyon tuƙin jirgin sama a ɗakin nan: kwamfuta, sitiyari, da agogunan wani tsohon jirgi da ya saya wajen mai gwangwan. Mai nuna gudu ya yi aiki. Mai nuna karkatar fiffike, rabinsa shuɗi rabinsa ruwan ƙasa, shi ma ya yi. Amma mai nuna nisan jirgi daga ƙasa ya kafe, allurarsa ko gezau.

Ya faɗa kan kujerar, ya zare wayar wuta. Ɗakin ya yi duhu.

"Macuci! Mushe ya sayar min," in ji shi, ya kai wa agogon naushi.

Allurar ta motsa.

Ta fara juyawa a hankali, tana hawa. Ba wuta a ɗakin, amma lambobin suna haske kore-kore. Warin ƙonannen mai da tsohuwar fata ya cika masa hanci. Kunnuwansa suka toshe. Sanyi ya ratso siminti ya kama ƙafafunsa.

A bayan wuyansa aka yi numfashi.

"Ka raba mu da gidanmu," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, tana rawa don fushi. "Kuma ka dake mu."

"Da kuɗina na saya!" Bakinsa ne ya riga hankalinsa.

"To, tuƙa."

Shuɗin ya ɓace daga agogon karkata, sai ruwan ƙasa zalla. Hancin jirgi ya dubi ƙasa ke nan. Ɗakin ya tuntsura gaba. Kusoshi suka gangaro daga tebur. Allurar ta juyo baya a guje.

Ya ja sitiyari. Wani hannu mai zafi ya danne nasa.

Iska tana kuka.

Allurar ta kusa sifili.

Ya buɗe baki zai yi addu'a, harshe ya ƙi.

Sai ƙofa ta bugu da bango, ga matarsa tsaye.

"Baban yara! Wai kurma ka zama ne?"

Ya wuntsilo daga kujerar, ya rarrafo har ƙafafunta, jini na bin kunnensa. A bayansa wani abu ya daki ƙasa, har gilashin taga ya zube.

Washegari ya kwashi agogunan a buhu, ya dire su gaban mai gwangwan, ya ci kwalarsa. Mutumin bai ko ɗaga hannu ba.

"Shekaru jirgin nan yana yashe a jeji kafin mu yanka shi," ya ce. "Ni ma don in samu barci na sayar maka."

Injiniya da kansa ya kai buhun jejin. Kunnen nan bai sake jin maganar mutum ba. Iska kawai yake ji, tana faɗowa.