Layar da Ke Jikin Injin

"An sace me?" in ji Sufeto Babaji, ya ajiye kofin shayinsa.

"Inji, Sufeto! Injin motata!"

Sufeto ya leƙa ta taga. Ga mota nan a ƙofar caji ofis, 'yar ƙaramar Golf ja mai ƙofa uku, tana ta ɗigar da baƙin mai a inda ya hana kowa ajiye mota. Mai ƙarar kuwa Nu'uman ne, sabon kansila, wanda tun da soja suka koma bariki yake tafiya kamar ƙasar ba ta ishe shi ba. Hannunsa riƙe da wuyan rigar wani bakanike, Haruna, wan matarsa.

"To da me ka zo nan, idan an sace injin?"

"Wani suka sa mani! Wannan motar saboda injinta na saye ta. Kowa ya ce ta tsufa, mitarta ta haura kilomita dubu ɗari uku, na ce na ji na gani. Ranar da na gwada ta har sai da dillali ya roƙe ni in rage. Jiya kuwa a hanyar Batagarawa ɗan kabu-kabu ya wuce ni, da buhun gero a bayanshi! Kuma ba wanda ya buɗe ta sai wannan munafikin da na kai wa juyen mai."

"Wallahi yadda aka kawo ta haka na maida ta," in ji Haruna.

Kafin Sufeto ya buɗe baki DPO ya kira shi ciki. Maganar ba ta da tsawo. Kansila ne, yanzu su ke da gari. A rufe bakaniken, ranar Litinin a kai shi kotu.

Sufeto ya fito yana tsaki. Shekararsa ashirin da wani abu a aikin nan, ya san idon ɓarawo, kuma na Haruna ba shi ba ne. Amma wa ya tambaye shi?

Ya sa aka ɗaga bonet. Notinan da ke riƙe da injin duk sun sha sabon sifana, sai ƙyalli suke yi a tsakiyar tsohuwar dauɗa. An canza injin kam, babu tantama.

"Wa ya kawo maka motar?" ya tambayi Haruna ta ƙofar sel.

"Shi da kanshi. Na ji ƙarar injin ba ta yi mani ba, na yi shiru don kada ya ce ina yi mashi baƙin ciki."

"Ka ga inda shirun ya kawo ka."

Daga nan sai Ƙofar Sauri, wurin dillalin, Alhaji Sada. Wannan kuwa ƙarya yake kamar yana shan ruwa. Da farko ya ce bai san motar ba. Sai ya ce ya santa, wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta zuwa kasuwa kawai.

"Kasuwar a Makka take?" in ji Sufeto. "Alhaji, kada ka ɓata mini rana."

"Ni fa ina da lauya. Yanzu ba lokacin soja ba ne."

Wannan magana ta ishi Sufeto. Kowa ya samu bakin faɗinta, har ɓarayin awaki.

"Kira shi. Kafin ya zo, gaya mini da wane inji motar ta bar nan."

"Da nata na asali! A gaban jama'a aka buɗe. Har uwar kansilan, Hajiya Delu, ta zo da laya ta ɗaura a jikin injin da jan zare, wai don kada gudu ya kwashe mata ɗa."

Sufeto ya tsaya cak. Bai ga laya a injin da ya duba ba.

A wani lungu bayan hasumiyar Gobarau ya samu Hajiya Delu tana tankaɗe. Gaisuwa kawai ta ci masa lokaci, ga rana na tafiya, ga Litinin na matsowa.

"Ni na ɗaura ta da hannuna," in ji ta. "'Ya'ya biyu Allah Ya bar mani, Nu'uman da Yahaya. In bar ɗaya ya hau wannan aljanar haka nan?"

"Motar ta taɓa kwana a nan?"

"Da Nu'uman ya tahi taron kansiloli nan ya bar ta."

Yahaya, ƙanen, yana zaune a zaure yana goge takalmi. Bai ko ɗago ba.

"Ni ko kunna ta ban taɓa yi ba, Sufeto. Yaya ya ce ba sa'ata ba ce."

Sufeto ya koma ofis babu komai a hannu sai labarin laya. Ya tarar da matar kansilan, Rahama, zaune a bakin kanta da kwanon abincin ɗan'uwanta. Ta ce ba ta koma ɗakinta sai Haruna ya fito, kuma idan aka ɗaure shi, auren ya ƙare. Sufeto ya koma kan kujerarsa.

Yana nan yana murza goshi sai ya ji wani kofur na mita. Wai akwai wata ruɓaɓɓiyar Golf ta 'yan sumogal a hanyar Jibiya, da ko tura ta sai an yi, amma kwanan nan ta zama iska, ba mai iya cim mata.

"Kun bi ta da mota?"

"Da wace mota, yallaɓai? Tamu ba mai."

"Ita ma ai mai take sha," in ji Sufeto, ya ɗauki hularsa.

Ana wahalar fetur a lokacin, gidan mai ɗaya ne ke sayarwa a wannan hanyar. Can suka same ta ranar Asabar da hantsi, a tsakiyar layi, mota gaba mota baya, duk gudun nata bai yi mata rana ba. Sufeto ya ɗaga bonet da kansa. Ga laya nan da jan zarenta, ta yi baƙi da hayaƙi.

Direban, wani Idi, ya fara rantsuwa cewa daga Maraɗi ya sayo injin.

"Da layar aka ƙera shi?"

Idi ya canza magana. "Gaskiya a nan na saya. Na so in yanke ta, mai sayarwar ya kama hannuna. Ya ce in na taɓa ta ciniki ya tashi, wai uwarshi ce ta ɗaura."

Sufeto ya saki bonet ɗin. Da ma a ce Alhaji Sada ne, da ya fi masa daɗi.

Da la'asar ya tara su a ofis. Ya ajiye layar a kan tebur. Yahaya ya kalle ta, ya kalli Idi.

"Ni ne," in ji Yahaya. "Ni na yi mashi yawon kamfe lungu-lungu da ƙafata. Da ya ci, ko makullin mota bai yarda in riƙe ba. Da ya tahi taro na ɗauki makullin a ɓoye, na kai ta wani gareji a bayan gari aka musanya injin."

"Me ya hana ka cire layar? Da ba wanda zai gane."

"Hannun Inna ne ya ɗaura. Ta yaya zan yanke?"

Hajiya Delu ta rufe fuska da mayafi. Nu'uman ya miƙe yana in'ina.

"Sufeto, na janye ƙara. Maganar gida ce."

"Da kake jan Haruna da wuyan riga, shi ba ɗan gida ba ne?" in ji Sufeto. "Kai ka sa DPO ya ce a kai ɓarawo kotu ranar Litinin. To, za a kai shi."

Aka buɗe wa Haruna. Ya wuce surukin nasa bai kalle shi ba, Rahama ta bi bayansa da kwanonta. Kofur ya kama hannun Yahaya za su shiga, sai Hajiya Delu ta miƙa hannu kan tebur ta ɗauki layar.

"Ɗan dakata, yaro," ta ce wa kofur ɗin. Ta ɗaura ta a damtsen Yahaya da jan zaren nan. "Yanzu ku tahi da shi."