Turmi a Bakin Bukkar Alƙasim

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Aji uku kawai na yi a lakwal, kuma ni mai kunya ce. Amma ga shi.

"Zaliha, an fasa!" in ji Baba. "Ba ni ba da ɗiyata ga mai kwana da rana, da dare shina yawo."

Na sunkuyar da kai...

Alƙasim infirmiye ne, mai jinya a sashen masu taɓin hankali na asibiti, can birni. Tun bara aka sa ranarmu. Bayan girbi ya zo hutu Garhanga a rame, idanu jajur. Sau biyu aka tarar da shi yana barci da hantsi, jingine da katangarmu.

Lantana, ɗiyar kawunsa, ta daɗe tana son sa. Ita ta bi gida-gida.

"Mai wanke mahaukata, ai aljanunsu na biyo shi gida!"

Inna Hajo, mahaifiyarsa, ta mai da shi bukkar gona inda ba motsin kowa, wai ya huta. Kwana uku ya ƙara lalacewa. Ran na huɗu ta miƙo mini ƙwaryar fura.

"Tahi ki kai mishi, ɗiyata. Ni ya ƙi yi min magana."

Na same shi zaune.

"Ka samu kwana?"

"Ko kaɗan."

"Ga wuri shiru..."

"Shirun ne ciwona, Zaliha."

Ya ajiye ludayi.

"Mu biyu ke tsaron mutum arba'in. In suna kuka, suna zagi, to lahiya lau. Akwai wani tsoho, Mato, kullum waƙa har asuba. Ran nan ya yi shiru. Na ji daɗi, na kwanta. Da sahe na iske shi ya sanyaya."

Na zauna kusa da shi, ya ci gaba.

"Tun daga nan, da na ji shiru sai in zabura in je dubawa."

"To mi ke kai ka katangarmu?"

"Dakanki. In taɓarya na sauka, na san wani na farke. Ba ni ke tsaro ba."

"Ashe turmi kake so, ba ni ba."

Ya yi dariya, ta farko tun zuwansa.

"Turmin Lantana ya hi kusa da gidanmu, masoyiyata. Kin taɓa ganina can?"

Da yamma na durƙusa gaban Baba. Ban taɓa faɗa masa magana ta wuce gaisuwa ba. Na kwashe duka na gaya masa.

"Yanzu ɗiyata ce maganin kwana?"

"Baba, ba hauka ba ne. Gajiya ce da tsoro."

Ya daɗe yana jan carbi.

"Sai na gani da idona."

Washegari da safe na ɗora turmi a ka, hatsi a ƙwarya, Baba na biye da ni. Mata a rijiya suka bar guga suna kallo. Lantana ta tafa hannu.

"Wata ma ta kamu!"

Ban waiga ba.

Na kafa turmi a bakin bukka, na soma.

Ban gama surfe ba Baba ya leƙa ciki. Ya daɗe. Da ya fito, takalmansa na hannu.

Na tsai da daka.

"Kul!" ya ce a hankali. "Kar ki tashe min suruki. Bayan salla za a ɗaura."

Na ɗaga taɓarya. Dakan kwana uku na yi a safiyar nan.