Wasiƙar Kogon Teku

Tukur maci amana ne, kuma ba zan sassauta masa ba. Shekara uku ya yi a lakwal, makarantar boko, sai ya zama mai karanta wa mutanen Dogon Dutsi wasiƙa a kasuwa.

A kasuwar nan wani saurayi, Gado, ya fara ganin Balki ɗiyar Mani tana sayar da fura. Ya ce murya gare ta kamar kurciya, sunan kuma ya bi ta. Ana maganar aure Faransawa suka ɗebe shi soja, suka kai shi Dakar.

Bayan shekara wasiƙa ta zo. Tukur, wanda ya daɗe yana son Balki, ya buɗe ta gaban Mani, ya karanta: "Balki, na shiga kogon teku, doguwar ruwa ta aure ni. Nemi wani miji."

Mani ya ce, "Ɗiyata ba ta kishi da iska. An gama."

Balki ta yi kwana uku ba ta ci tuwo ba. Rana ta huɗu ta ce wa uwarta, "Inna, Gado bai taɓa ce mini Balki ba." Ta ɗaure takardar a gefen zane, ta taka har Kieshe wurin Ɗanjuma, wani tsohon soja. Ya karanta mata:

"Kurciyata, masunta sun shigar da ni wani kogo cikin kwale-kwale. Girmansa ya fi kasuwarmu, ruwa na ruri ciki, ga sanyi. Tsoro ya kama ni, na kira sunanki, dutse ya maido mini shi sau uku. Ki jira ni."

Mani ya ji, bai sauko ba. Kogo gidan iskoki ne, kuma yaron ya shiga.

Da Gado ya dawo, ya durƙusa gaban Mani. Mani ya ce, "Wa ya ba ka izinin shiga gidan mutane?"

"Baba, sai da masu jirgin suka zuba nono a ruwa, suka yi sallama."

Tsohon ya ce, "Ashe can ma da masu ladabi. Tashi."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Allah Ya sa albarka.

Tukur kuwa, mai gari ya sa aka yi masa bulala ashirin ranar kasuwa, aka hana shi taɓa takardar kowa har ya mutu.