Ɗakin Raliya Babu Rufi

"Yau ma labarin dai shi ne, ko Malam?" in ji Raliya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Sharfaddini ya gyara zama a kan tabarmar zauren surukinsa da ke Durun, ya ƙaƙalo murmushi.

"Haba farin cikina, saura ƙiris fa. Kawu Baƙo ya ce sati mai zuwa..."

"Sati mai zuwa! Tun yaron nan yana cikin tsumma nake jin satin nan, ga shi yau yana rarrafe."

Ya miƙa hannu zai ɗauki ɗansu Mahbub. Yaron ya dube shi, ya taɓe baki, ya callara kuka ya ƙanƙame uwarsa. Sharfaddini ya janye hannunsa a hankali, ya rasa inda zai ajiye shi.

Shi ya ja wa kansa, ba wani ba. Lokacin da Raliya ta taho gida wankan haihuwar fari, sai son burgewa ya ɗebe shi. Ya rushe ɗakinsu na ƙasa a Unguwar Tudu da ke Gwarzo, wai kafin ta yi arba'in zai tayar mata da na bulo mai rufin kwano. Bai tsaya nan ba, sai da ya bi majalisa-majalisa yana shelar abin. Malamin firamare fa, a wannan zamani da albashi ke zuwa in ya ga dama, siminti kuwa kullum da sabon farashi!

Babban kuskuren shi ne ba wa Kawu Baƙo aikin. Magini ne na gaske, amma ƙanin mahaifiyarsa ne. Bango na kaiwa linta, wato saman ƙofa da taga, Kawu ya samu kwangila a Kano, ya kama gabansa. To wa ya isa ya tsare ƙanin uwarsa ya ce masa yaushe? In ya je da niyyar magana, sai ya ɓige da gaisuwa ya dawo. An ba shi shawarar ya nemi wani maginin, ya ce zumunci zai ɓaci. An ce ya rufa da abin da ya samu, ya ce shi kwano ya yi alkawari. Ana haka damina ta sauka. Siminti ya sha ruwa ya daskare a buhu, katako ya lanƙwashe, ciyawa ta cika ɗakin. Shi kuwa ya koma shagon samari, yana kwana da ƙannensa kamar gwauro.

"Ni ba kwano na aura ba," Raliya ta ce. "A bakin rijiya nuna ni ake yi. Mu da aurenmu, muna zance a zaure kamar saurayi da budurwa! Tun da aka fara Shari'ar nan kowa ya zama mai sa ido, jiya har wata tsohuwa ta ce wa Inna a daina barina ina daɗewa da baƙo."

"Baƙo? Ni?"

"To me za su ce?"

Gyaran murya suka ji. Raliya ta saɓi ɗanta ta shige gida da sauri. Malam Jalo ne, mahaifinta, dogon dattijo marar yawan magana. Sharfaddini ya sauka daga tabarma ya durƙusa.

Aka gaisa, aka tambayi mutanen Gwarzo, da damina, da makaranta. Sannan tsohon ya ja carbinsa, ya dubi Sharfaddini.

"Jiya na yi baƙi daga Kabo," in ji Malam Jalo. "Mutanen Alhaji Maikuɗi ne, mai sayen hatsi. Sun zo da goronsu."

"Allah ya sa lafiya, Bappa."

"Lafiya lau. Tambaya suke ko Raliya ta gama idda."

Innalillahi! Sharfaddini ya ji kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Matarsa! Da ransa, da igiyoyin aurensa uku cif, ake zuwa neman matarsa! Ya so ya yi fushi, ya rasa da wa zai yi.

"Ban ga laifinsu ba," tsohon ya ci gaba. "Mace ta yi rani ta shiga damina a gidan ubanta, me mutane za su ɗauka? Ban ba su amsa ba. Na ce zan tambayi mai ita. To ga ka, me zan ce musu?"

"Bappa, wallahi ina son matata... ɗakin ne..."

"Rufi ne babu?"

"Shi ne, Bappa."

Malam Jalo ya miƙe, ya leƙa cikin gida ya ƙwala wa babban ɗansa kira.

"Ja'afar! Ɗauko tsani da guduma. Ka kwance kwanon ɗakina, a loda a amalanke a kai Unguwar Tudu. Ni da uwarku mun yi shekaru a bukka, ba mu mutu ba."

Ba gatse yake ba, da gaske yake, kuma wannan ne ya fi kashe Sharfaddini. Ya hango amalanken tana ratsa gari da rana tsaka, kowa na cewa ga rufin surukin Malam nan za a kai masa. Ya hango tsohon nan da matarsa cikin ruwan sama saboda shi. Bai san lokacin da ya kama ƙafar dattijon ba, hawaye sharɓe-sharɓe.

"Don Allah Bappa, ka rufa min asiri! Kada a taɓa ko ƙusa ɗaya. Girman kai ne ya kai ni, na tuba. Ran Juma'a a kawo min matata."

"Ɗakin fa?"

"Zan rufa shi da abin da Allah ya hore min."

A ranar ya wuce gidan Kawu Baƙo, ya durƙusa ya ce zai ƙarasa aikinsa da kansa. Kawu ya ce, "To, ai da ka faɗa tun tuni," shi ke nan fa! Abin da ya yi wata da watanni yana tsoro ke nan.

Ya bi abokan da ya cika wa baki ɗaya bayan ɗaya, kansa a ƙasa, ya roƙi gayya. Aka nome ciyawa, aka ɗora gora da azara, aka shimfiɗa leda, aka bi da zana da tsohon shuci. Bangon bulo, rufin ciyawa! Masu wucewa suka yi ta dariya, wani ya ce Malam ya sa babbar riga da hular kaba. Ya haɗiye, ya ci gaba da aikinsa.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, ana yayyafi, mata suka rako Raliya da gararta. Da suka watse, ta tsaya a tsakar ɗakin da goyonta, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rufin. Shi yana bakin ƙofa, ya kasa shiga, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ki yafe min, Raliya. Ba wannan na yi miki alkawari ba."

"Yana yoyo?"

"Ta kusurwar can... kaɗan."

Ta share idonta da bakin mayafi, ta yi dariya.

"To shigo mana, maigida. Kama min tulun nan mu kai shi can."