Magogin Kakan Sharfuddeen

Da safiyar Asabar Maigandi kafinta ya buɗe shagonsa a unguwar Harra ta Gabas, ya tarar da magogan katako shida a kan kanta maimakon bakwai. Wanda ya ɓata shi ne na itacen goro, mai hatimin maƙerin Istanbul a wuƙarsa, gadon mahaifinsa. Ba a fasa kwaɗon ƙofa ba.

A gaban maƙwabta ya kira Balarabe ɓarawo, mutumin Maraɗi da ya shekara tara yana yi masa aiki. Ya riƙe iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ya rantse in la'asar ta yi babu magogi zai kai shi wurin shurɗa, wato 'yan sanda. Daga can sai jirgin gida, ga 'ya'ya huɗu.

Yayar Maigandi, Kaltuma, ta zo tana dogara sanda. Idonta ya yi rauni, don haka da hannu ta bi kantar. Ta tambayi Usmanu maƙwabci, mai tara tsofaffin magogai. Ya ce tun Laraba yana garin Yanbu, ya nuna tikitin bas. Ta sa Balarabe ya goge ɗan katako. Ya goge, ya kwantar da magogin a gefensa ba tare da ya duba ba.

Ta ce a kira Sharfuddeen, ɗan Maigandi, magatakarda a wani ofis, wanda ya sha cewa sassaƙa aikin ƙura ne. Ta miƙa masa magogi ta ce ya ajiye mata. Ya dangwarar da shi a kan wuƙarsa.

"Haka na tarar da shidan nan," in ji ta. "Wanda ya ɗauki na bakwai ya ɗaga su yana nema, ya mayar da su baki a ƙasa. Kafinta ba ya yin haka ko a magagin barci, don wuƙar za ta dakushe. Makullin shagon kuma uku ne, ɗaya na Maigandi, ɗaya na Balarabe. Na ukun yana wurin wa?"

Sharfuddeen ya fara amsawa da Larabci.

"Da Hausa, ɗana. Balarabe ya ji."

Ya fito da magogin daga motarsa, naɗe a tsumma, bakinsa a tsage. Ya ce so ya yi ya sassaƙa wa jaririyarsa gado da hannunsa, ya ji nauyin roƙon abin da ya raina. Ya buga wa wuƙar guduma, itacen ya dare. Yana tsaye da safe ana zagin Balarabe, ya yi shiru.

Maigandi bai dubi ɗansa ba. Ya ciro iƙamar daga aljihu, ya kasa miƙawa, ya ajiye ta a kan kanta.

Balarabe ya ɗauka. Kafin ya fita, ya bi magogai shidan ɗaya bayan ɗaya ya kwantar da su a gefensu.