Littafi Na Goma Sha Uku

Ranar da Zelia, ma'aikaciyar wani ƙaramin laburare a Kanda, ta zo unguwar Maamobi ta kwashi littattafan Shamima, ranar aka fara jifan gidan su Shamima. Magariba ta kawo jiki, Hajiya Ruwaida tana tuƙa tuwo a tsakar gida, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Na biyun ya fi na farko nauyi.

Shekara tara Shamima, 'yar Hajiya, tana cika littattafan makaranta da ci gaban wani wasan rediyo da aka daina tun tana yarinya. Ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Da laburaren ya fara tattara rubuce-rubucen masoya wasanni, ta miƙa guda goma sha biyu, aka ɗauki hotonsu shafi-shafi, aka liƙa musu lamba. Na goma sha uku, mai ɗauke da ƙarshen labarin, yana hannunta tana gyarawa.

Kwana huɗu ana jifa, ana jin motsin takarda a ɗakin da ba kowa. A na biyar Shamima ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo, ta tashi da muryar da ba tata ba.

Aka ɗauko Malam Zuberu daga Kotobabi. Ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa masa wuya.

"Wane ne kai? Me ta yi maka?" in ji Malam.

"Shekara tara ina bayan kafaɗarta," in ji muryar. "Kowane layi ni nake fara gani. Yanzu kowane kare da doki ya lashi yatsa ya buɗe. Suna ina ranar da ta yage shafi tana kuka?"

Kishi ne tsagwaronsa, har da ban tausayi.

"Kafra, yi haƙuri, bawan Allah," in ji Hajiya. "Gobe-gobe za mu karɓo littattafan."

"An riga an ɗauki hoto, Hajiya," in ji Malam. "Kai, faɗi abin da za ka karɓa ka fita."

Sai muryar ta ce:

"Na ƙarshen. Ni kaɗai."

Hajiya ta ɗora littafi na goma sha ukun a kan katanga. Kafin a kira isha babu shi, Shamima kuma ta farfaɗo tana neman ruwa.

Komai ta tuna, ban da yadda labarinta ya ƙare. Ta sayi sabon littafi, har yau fari fat. A katin laburare Zelia ta rubuta: bai kammalu ba.

Wani lokaci da magariba Shamima takan ji an juya shafi a bayan katanga, sai wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Takan tsaya da bokiti a hannu, kishi na cin ta, don ba ta san abin da ta rubuta a wurin ba.